Malama Mu'minatu da Moɗa Mai Jan Ƙyalle

Idan ka tambayi masu adaidaita-sahu na bakin kasuwar Dutse wace ce Malama Mu'minatu, za su ce maka, "Au, matar nan mai allo a ka? Ba ta hawa, ƙafarta ce motarta." Idan ka tambayi matan unguwar Fagoji, wata za ta ce mai labari ce, wata ta ce ai ba a yi mai taurin kai kamarta ba. Limamin unguwarsu ya taɓa cewa bai san mutumin da ba ya ɗaga murya, amma maganarsa take kwana a kunne, kamar matar nan ba. Mijinta kuwa, Malam Sharhabilu tela, ƙorafinsa ɗaya ne: duk aljihun da ya ɗinka mata a jaka, sai alli ya huda shi.

A bana ta ajiye aikin koyar da mata manya a ajin yaƙi da jahilci, bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai. Ni sai da furfura ta fara fito mini na zauna a gaban allonta. Ba ni da yawan magana. Abin da zan faɗa a nan, kaɗan na gani da idona, mafi yawa na saurara ne daga bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Da an idar da azahar za ta zuba alli a gwangwani, ta naɗa gammo, ta ɗora baƙin allon katako a ka, ta bi ta tsakanin duwatsu. Ita take fara isa. Ita take share wurin, ta shimfiɗa tabarmi, ta tabbatar akwai ruwan sha. Duk sabuwar ɗaliba, tambayar farko da take yi mata ita ce, "Wane suna aka raɗa miki?" Da yawanmu sai mun yi jim kafin mu amsa, don mun daɗe muna Maman wane da matar wane. Sunan nan shi take fara koya wa mace ta rubuta, kafin kowane baƙi da wasali.

Amma abin da ya bambanta ta da sauran malamai shi ne labarin. Tana da wani dogon labari da ta ƙaga da kanta. A ƙarshen darasi sai ta fara bayar da shi da baki, a hankali, har sai kowa ta saki saƙar da take yi ta zuba mata ido. Daidai inda zuciya ta rataye sai ta yi shiru, ta juya ta rubuta ci gaban a allo. Mai son ta san abin da ya faru, ga shi nan, sai ta karanta. Ana roƙonta, ana magiya, ba ta ƙara ko kalma. Haka mata da yawa suka iya karatu, ba don son boko ba, sai don ƙin kwana da tambaya.

Labarin wani gari ne da ta kira Birnin Layi, a wani zamani da bai zo ba tukuna. Tun can da daɗewa waɗansu baƙi suka ci garin da yaƙi, suka ƙidaya mutanensa kamar awaki, suka ja layi da farar ƙasa ya raba garin biyu. Na ciki suna da takardar shaida, na waje ba su da ita. Daga baya baƙin suka tattara nasu suka tafi. Aka yi kiɗa, aka yi murna, amma ba wanda ya share layin. Duk shekara in damina ta wanke shi, sai mutanen garin su fito da kansu su sake shafa shi, har abin ya zama al'ada, har aka manta wanda ya fara ja. A zamanin labarin rijiyoyi duk sun ƙafe, saura famfon ƙarfe guda mai ido. Sai ka ɗora yatsa ya gane ka, sannan ruwa ya zubo. Wanda famfon bai gane ba, ba mutum ba ne a lissafin garin: ba a karɓar shaidarsa, ba a raɗa wa ɗansa suna a bainar jama'a, in ya mutu ba a sanarwa. Tauraruwar labarin wata mata ce daga bayan layi, wadda fasa dutse ya cinye zanen yatsunta. Ba wanda ya san sunanta. "Waccan" ake ce mata.

'Yarta Shamsiyya, da take karatu a jami'ar Kafin Hausa, ta taɓa gaya mata cewa irin wannan labari na lalatacciyar duniyar gobe fanni ne guda a adabi, har darasi ake yi musu a kansa. Ta ce malaminsu ya nuna musu cewa abin da marubutan wasu ƙasashe suke tsoron ya same su gobe, wato a ƙidaya ka, a canza maka suna, a shata maka inda ba za ka wuce ba, an riga an yi wa kakanninmu shi jiya. Malama ta ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ta ce, "To ki gaishe mini da malaminku. Ni ma ban ƙirƙiri komai ba. Jiya na ɗauka na tura ta gobe, don mutane su iya kallonta ba tare da kunya ta rufe musu ido ba."

A shekarun da nake son in ba da labari, ajin yana gidan Hajja mai fura ne. Hajja mace ce mai hannu sake. Ita ta ba da rumfar tsakar gidanta kyauta, ita take cika randa kullum, kuma duk ajin ba wadda ta kai ta saurin karatu. Zahra'u da Hindatu, waɗanda suka riga ni shiga ajin, su suka ba ni abin da ya biyo baya, kuma bakinsu bai saɓa ba.

Wata rana sai ga Iya Gaji ta yi sallama. Daga Tsallake ta zo, wata 'yar unguwa a bayan duwatsu. Tsofaffi sun ce tun zamanin Nasara aka tattara masu ciwon kuturta aka ajiye su a can, aka ce kada su ƙetare kwarin da ke tsakaninsu da gari. Nasara ya tafi, magani ya zo, ciwon ya mutu a jikin mutanen, amma kwarin bai cike ba. Iya Gaji ta warke tun tana budurwa, sai dai ciwon ya tafi da yatsunta, ya bar mata dungu.

Abin da ya kawo ta shi ne, an yi rabon takin zamani ga manoma, aka ce kowa ya dangwala babban yatsa kafin ya ɗauka. Da layi ya zo kanta, mai rubutun ya dubi hannunta, ya dubi tawada, sai ya kira wani da ke tsaye a gefe ya dangwala a madadinta.

"Buhun na ɗauka, Malama," in ji ta, "amma yatsan wani ne ya ce ni ce. Ina so takarda ta san ni da hannuna."

Malama ta ce, "Wane suna aka raɗa miki, Iya?"

Ta ce rabon da a yi mata wannan tambaya har ta manta.

Washegari da aka zo, sai aka ga moɗa ta biyu rataye a ƙusa, nesa da randa, an ɗaura mata jan ƙyalle a mariƙi. Kowa ta gane ta wace ce.

A ranar ne kuma labari ya kai inda Waccan ta yini a layin famfo, ta ɗora yatsa, idon ƙarfen ya ƙi gane ta, masu gadi suka ture ta gefe da tulunta. Hajja ce ta karanta a allo da ƙarfi. Tana karantawa tana share ido da gefen mayafi, tana cewa, "Allah ya isa! Ruwa fa? Ruwa ma sai an hana mutum?" Mata suka yi ta tsine wa masu gadin famfo. Iya Gaji tana can bakin tabarma, moɗa mai jan ƙyalle tana lilo a saman kanta. Zahra'u ta ce da ni, "Wallahi, Yaya, ko ɗayarmu ba ta haɗa biyun ba. Mun yi wa matar cikin labari kuka, ta kusa da mu ko kallo ba ta samu ba."

Malama ba ta yi wa'azi ba. Da aka tashi, sai ta miƙe, ta wuce moɗar kowa da kowa, ta ciro mai jan ƙyallen, ta kamfato ruwa ta sha, ta yi hamdala, ta mayar da ita ƙusarta. Kashegari ma haka. Jibi ma haka.

Ba a daɗe ba Hajja ta ja ta gefe. Hindatu tana naɗe tabarma a kusa, ta ji komai.

"Malama, zo mu yi maganar fahimta."

"Ina jin ki, Hajja."

"Kin san ni ba na ƙin kowa. Amma fura nake sayarwa. Jiya an dawo mini da kwano guda ba a taɓa ba, wai an ji kutare suna shan ruwa a gidana."

"Hajja, Iya Gaji ta warke tun kafin ki haifi 'yarki ta fari. Ma'aikaciyar asibiti ta faɗa a gabanki, bayan magani ba ya kama kowa."

"Na ji. Amma masu sayen fura ba su je asibiti ba. Ni kaina ma, in gaya miki gaskiya, zuciya ba ta karanta takardar likita. Ki ce wa waccan ta riƙa jira a ƙofar gida, in an tashi sai ki koya mata nata."

"Wace ce waccan, Hajja?"

Hajja ta ce, "Kin san wadda nake nufi."

"To, gida naki ne, kin kuma yi mana alherin da ba zan manta ba. Amma allo nawa ne. Gobe zan jingine shi inda kowa za ta iya zama a gabansa."

Haka ta ɗauki allonta ta kai shi gindin wata darbejiya a bakin kwarin, tsakanin gari da Tsallake. Ba ƙaramar kasada ta yi ba, domin ajin da babu ɗalibai rufe shi ake yi, kuma ta sani. Zahra'u da Hindatu ne kawai suka bi ta, sai Iya Gaji. Sauran, wata mijinta ya hana, wata ta ce nisa, wata ba ta ce komai ba. Rana ta dake su, iska ta kayar da allo, awaki suka riƙa lasar rubutu tun ba a gama karantawa ba. Malama tana zuwa a kan lokacinta, ta share wurin kamar mutum ɗari za su zauna.

A nan ne ta yanko roba daga tsohuwar tayar keke, ta ɗaure wa Iya Gaji fensir a dungun hannunta na dama. Tsohuwar ta dube shi ta yi dariya. "Na ɗaure itace, na ɗaure akuya, yau ga ni an ɗaure ni da fensir." Robar ta riƙa cin fatarta, Malama ta naɗe ta da auduga. Fensir ya riƙa zamewa, ta yi masa tsaga da reza don ya kama. An sha wahala kafin baƙin farko ya tsaya da ƙafarsa.

Kuma labari bai tsaya ba. Matan da suka zauna a gida suka fara aiko da tambaya a ɓoye: shin Waccan ta samu ruwa? An ce ta haƙa rami a bayan layi, gaskiya ne? Malama amsarta ɗaya ce: "Allo ba ya aike." Sai suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurin da ta kawo, wai hanya ce ta biyo da ita. A gindin darbejiya kuwa tulu ɗaya ne, moɗa ɗaya. Wadda ta fara dawowa ta daure wa ƙishirwa har leɓenta ya bushe. Iya Gaji ta tura mata moɗar da gefen hannu ta ce, "Sha, 'yar nan. In yatsunki sun zube, zan ara miki nawa." Aka tuntsire da dariya, matar ta sha don kunya. Daga ranar ba a ƙara maganar ba.

Da rabon taki ya zagayo, Hindatu tana bayan Iya Gaji a layi. Mai rubutun ya ɗaga kai zai nemi wanda zai dangwala mata, sai ta kwance bakin zaninta ta fito da robarta. Ta ce a ɗaura mata alƙalami. Ta rubuta a hankali, mutanen baya suna gunaguni, ba ta ko waiwaya ba. Mutumin ya juya takardar ya karanta a fili, "Gaji Mammadu."

Ta ce, "Na'am."

Malama Mu'minatu, ke ce ruwan sama, ba kya tambayar gonar wa. Ke ce kika gane cewa mutum yana iya yi wa zalunci kuka a labari, ya tashi ya aikata shi da hannunsa bai sani ba, kuma ba ki raina mu a kan haka ba. Ba ki taɓa nuna mace da yatsa kin ce ke ce mai gadin famfo ba. Jira kika yi, kina shan ruwa a moɗar da aka ware, har idonmu ya buɗe da kansa. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba a ba ki lambar yabo ba. Amma a Fagoji da Tsallake akwai matan da in an kira sunansu na yanka suke amsawa da ƙarfi, kuma ke kika mayar musu da shi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne labarin Birnin Layi ba shi da ƙarshe. In aji ya kusa kammalawa, sai Malama ta miƙa alli ta ce kowacce ta rubuta nata. Wata ta sa an fasa famfon da gatari. Wata ta sa Waccan ta zama sarauniya ta kori masu gadi. Na Iya Gaji shi ne mafi gajarta, kuma shi ne ban manta ba. Cewa ta yi: "Damina ta wanke layin. Ba wanda ya fito da farar ƙasa."

Hajja dai ba ta taɓa taka gindin darbejiya ba. Malama ba ta yanke ta ba. Tana gaishe ta, tana sayen furarta, da mijin Hajja ya rasu ita ta yini tana karɓar masu ta'aziyya. Amma maganar aji ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Hajja takan tare ɗalibai a hanya ta tambayi yadda labarin ya ƙare, kowacce ta faɗa mata nata daban, har ta ce haɗa baki muka yi muna yi mata shaƙiyanci. In ta haɗu da Iya Gaji a kasuwa, sai ta sami abin dubawa a wani gefen. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Malama, a madadin duk wadda kika riƙe wa hannu, na gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa allon nan ya zama inuwarki ranar da babu inuwa. Ku kuma masu karatu, ba kowa ne zai iya ɗaukar allo a ka ba, na sani. Amma kowane gida, kowace makaranta, kowane wurin aiki yana da tasa moɗar da aka ware, ko da ba a ɗaura mata ƙyalle ba. Ku duba ƙusoshinku. Wanda ya ja layin ya daɗe da tafiya, mai sake shafa shi duk shekara ne ya rage.

Da a nan zan tsaya, sai dai abin da ya faru ranar walimar sallamarta ya fi duk abin da zan iya rubutawa, kuma wannan da idona na gani.

Da hantsi aka yi ta, a gindin darbejiyar nan. Matan gari da na Tsallake sun cika tabarmi, ba ka bambance su. Ana cikin addu'a sai ga Hajja tana dogara sanda. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo. Malama ta tashi ta tarye ta, ta zaunar da ita.

"Malama, na zo jin ƙarshen labarin nan. Kada in mutu da shi a wuya."

Malama ta ciro alli daga gwangwani ta miƙa mata. "Kowa ta rubuta nata, Hajja. Ke kaɗai kika rage."

"Ido ya tafi. Da baki zan faɗi nawa."

Ta sa hannu cikin mayafi ta fito da wata tsohuwar moɗa. Ƙyallen da ke mariƙinta ya koɗe, ya koma kalar ƙasa.

"Tana nan a ƙusarta tun ranar da kuka fita," in ji ta. "Na kasa sha da ita, na kasa yar da ita."

Ta fara ƙoƙarin kwance ƙullin, moɗar tana suɓucewa. Iya Gaji, da ke zaune kusa, ta matso, ta matse moɗar tsakanin dungayenta biyu ta riƙe mata. Hajja ta sunkuya ta sa haƙori, ta yi ta ja har ƙullin ya saki. Ƙyallen ya faɗi a ƙasa. Hindatu ta tsiyaya ruwa daga tulu. Hajja ba ta karɓi moɗar ba. A hannun da ke riƙe da ita ta kafa baki ta sha, har ruwan yana zuba a haɓarta.

Sannan ta ɗago, ta ɗaga murya yadda na can ƙarshen tabarma za su ji.

"Gaji."

"Na'am, Hajja."

"Gaji 'yar Mammadu, kin zo gidana baƙuwa, na ware miki moɗa, na ƙi kiran sunanki, na ce ki tsaya a ƙofa. Na san kin warke, na sani sarai. Na zalunce ki. Don Allah ki yafe mini."